Yadda Na Zama Uwar 'Ya'yan Kyanwa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma makonni ukun da na yi ina renon 'ya'yan kyanwa a gidanmu na Matamaye, wannan kam ko tsufa ya cinye mini hankali ba zan manta ba. Ko na so in manta, mutanen unguwa ba za su bar ni ba.

Ni ba wani karatu na yi ba. Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka ga kan ba ya ɗauka, aka mayar da ni gona. Da na girma na bi sahun 'yan cirani: a gama girbi, a tsallaka iyaka, a dawo in hadari ya fara haɗuwa. Shekara goma sha ɗaya ina gadi a gidan wata Hajiya a Kano. Hajiyar nan tana da wata farar kyanwa mai gashi buzu-buzu, wadda ta fi ni matsayi a gidan nesa ba kusa ba. Ita tana kwance cikin sanyin na'ura, ni ina kan benci a rana. In ta yi atishawa a saka ta a mota a kai ta wajen likita, ni ne ma mai buɗe mata ƙofa ta wuce. In ni ne zazzaɓi ya kayar, sai a miƙo mini ƙwaya biyu ta taga. Ban taɓa taka falon gidan ba. Duk abin da na sani game da kyanwar nan daga kwandon shara na san shi, don ni ke fitar da shi: gwangwanayen abincinta da robobin sabulun wankanta. Amma in na dawo gida na zauna a fada, wato majalisar hirarmu, ana shan shayi, sai in yi ta zuba labari kamar a hannuna aka haife ta.

A shekarar da abin ya faru, na dawo ke nan an yi ruwan shuka. Mahaifiyata, Inna, tana da wata tsohuwar kyanwa mai zane-zane da ke tsare mata irin gyaɗa daga ɓeraye. Wani ɗan kabu-kabu ya bi ta kanta a ƙofar gida, ta mutu ta bar 'ya'ya uku, ko kwana goma ba su cika ba, idanunsu ma ba su gama buɗewa ba. Kwana biyu Inna na fama da su a ɗakinta, sai ga saƙo cewa ƙanwarta ba lafiya a Dungu. Ta ɗaure ƙullin kayanta, ta fito da su a cikin kwali, ta kira matata ta fara yi mata bayani. Ina daga gefe ina jin ana ambaton tsumma da ruwan ɗumi da akuya. Sai girman kai ya taso mini.

Na ce, "Inna, bar wahalar da bakinki. Kyanwa dai? Ni da na yi shekara goma sha ɗaya tare da kyanwar da ake kaiwa asibiti a mota?"

Inna ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ɗauke kwalin daga gaban matata ta dire shi a gabana. Ta ce, "To, likita. Uku na bar maka, uku nake so in tarar. In ka kashe mini marayun nan, ban yafe ba."

Wanda uwa ta taɓa gaya wa wannan kalmar ya san nauyinta. Da furfurata da komai, ni ma na san shi. Amma a fuska na yi dariya, na raka ta tasha.

Da na dawo matata ta ce, "Maigida, ai Inna ta ce akuyar nan mai shayarwa..."

Na ce, "Akuya me? Kin taɓa jin an tatsar wa kyanwa akuya a Kano?"

Ta ce ba ta taɓa zuwa Kano ba, ta koma kan dakanta.

Na tafi kanti na sayo gwangwanin sardin, tunda abincin gwangwani na gani a shara. Na juye shi a faranti na tura musu. Abin da ban duba ba shi ne, bayin Allahn nan ba su da haƙori ko ɗaya. Suka yi ta rarrafe a cikin kifin suna kuka, suka fito jage-jage da mai. Kafin la'asar kiyashi ya gano su. Sai na tuna da robobin sabulu. Washegari da safe, an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, na ɗebo ruwan randa a bokiti, na zuba garin sabulun wanki, na wanke su ɗaya bayan ɗaya kamar safa. Na shanya su a kan tabarma suna rawar ɗari, ni kuwa ina tsaye ina jin na yi aiki irin na birni. Da na ga kifi bai karɓe su ba, na tare wata Bafulatana mai tallar nono na sayi mai tsami, na riƙa kwantar da su rigingine ina ɗura musu da cokali. Kafin magariba zawo ya ɓarke musu duka ukun.

Na kai kukana fada. Kuskure na biyu ke nan, ko na biyar, na daina ƙirgawa. A fadarmu babu wanda ya taɓa riƙe kyanwa a hannu, amma ranar nan kowa likita ne. Wani ya ce a jiƙa musu tazargade. Wani ya ce kambun baka ne, a yi musu turare. Mai dafa mana shayi ya ce, "Ka raba farasitamol gida huɗu ka ba su, ai rai duk ɗaya ne." Wani tsohon abokina, tela, ya matso kusa ya ce, "Mutumin Kano, kai ma da wahalar da kai. In sun mutu ka je Kurni ka samo uku, idon tsohuwa ai ya yi rauni." Na sayi ƙwayar na saka a aljihu, na ce sai gobe.

Goben ba ta zo wa ƙaramar cikinsu ba. Baƙa ce, da ɗan fari a goshi kamar an ɗiga mata alli. Na ɗaga ta da safe na ji ta sandare, nauyinta bai kai na ƙwan kaza ba. Na haƙa rami a gindin darbejiyar tsakar gida na rufe ta. Kwana uku matata na dariyata a ɓoye, amma ranar ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, saura biyu. Ka ɗauke su ka kai elbaj tun suna numfashi."

Elbaj shi ne ofishin likitocin dabbobi. Ranar kasuwa ce, layi ya miƙe: masu shanu, masu raguna, har da mai raƙumi. Ni kuwa na tsaya a tsakiyarsu rungume da kwalin taliya. Wani makiyayi ya leƙo ya ce, "Malam, kaji ne?" Na ce a'a. Sai abin cikin kwali ya yi kuka. Makiyayin ya buɗe ya gani, ya kira 'yan uwansa su zo su ga ikon Allah. Ɗaya ya dafa sandarsa ya ce, "Baba, na layya ne, ko na suna?" Har mai raƙumi sai da ya sauko ya yi dariya.

Likitar da na samu yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ita ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni me na ba su, na faɗa. Ta tambaye ni me ya sa gashinsu ke ƙamshin wanki, na faɗa. Na ciro ƙwayar na nuna mata, ko zan samu yabo a kan wannan. Ta karɓe ta jefa a aljihun teburinta.

Ta ce, "Baba, da ka ba su wannan da yanzu rami uku ka haƙa. Ga kyanwa dafi ne. Tsakani da Allah, kuskure ne ko niyya ka yi?"

Na ce na yi aiki a Kano.

Ta ce, "Aikin me?"

Na ce gadi. Ta ci gaba da duba bakinsu.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ba a yi wa jariran kyanwa wanka, sanyi ke kashe su. Nonon saniya, balle mai tsami, ɓata musu ciki yake yi. A zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane a sa musu a kwali. A ba su madara da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan, suna kwance a kan cikinsu ba rigingine ba, kusan duk bayan awa biyu. In sun yi wayo a dawo da su a ba su maganin tsutsa da rigakafi. Sannan ta ce, "Akwai akuya mai shayarwa a gidanku?"

Akwai. Taku biyar ne tsakanin turkenta da inda na ajiye kwalin.

Ina shirin tashi ta ce saura ɗaya. Jariran kyanwa ba sa iya fitsari ko kashi da kansu, uwarsu ce ke lasar ƙasan cikinsu. Na zare ido. Ta ce, "Ban ce ka lasa ba, Baba. Tsumma za ka jiƙa da ruwan ɗumi ka riƙa goga musu bayan kowane ci."

Haka na dawo gida na durƙusa a gaban akuya. Ta shure ni sau biyu kafin ta yarda. Matata na tsaye a kaina tana cewa, "Maigida, a Kano ta dama ake tatsa ko ta hagu?" Na ci gaba da tatsata. Na ɗumama madara, na ɗura, na goga, na wanke tsumma, kafin in miƙe bayana lokacin wani cin ya yi. Maƙwabta suka gama noman farko, tawa gonar ciyawa ta kai gwiwa. Da 'yan fada suka ga kwana huɗu ban fito ba, suka yi ayari suka zo, tela na gaba riƙe da kwanon kunun kanwa. Suka yi sallama suka ce, "Ina mai jego? Barka da arziki! An dai samu ruwan nono ko?" Na karɓi kunun na sha, don yunwa nake ji.

Zancen Kurni kuwa, ba zan yi ƙarya ba, na yi tunaninsa. Har na sa an tambayo mini. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, rashin samun baƙa mai farin goshi ne.

A kwana na biyar zawon ya tsaya. Ɗayan, ja, ya fara cafkar sirinji da hannu biyu, ɗayar, mai zane, ta fara hawa bakin kwali tana faɗowa. Bayan mako biyu haƙora suka ɓullo, na fara jiƙa musu ɗan dafaffen kifi a madara. Likitar ta ce wasa ma aiki ne, da shi suke koyon farauta, don haka na ɗaura gashin kaza a zare ina ja suna bi suna tuntsurawa. Wata rana ladanin masallacinmu ya shigo neman aron fartanya, ya tarar da ni a rarrafe, zare a baki, ina kiran "mus, mus." Ya ce, "Allah ya ba da lafiya," ya juya ba tare da fartanyar ba.

Ranar da Inna ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo kwali. Ta nuna da yatsa. "Ɗaya. Biyu." Ta tsaya, yatsan na rataye a iska. Na cire hula na durƙusa na faɗa mata komai, daga sardin har ramin gindin darbejiya. Ban rage ko garin sabulu ba. Ta ɗaga su ɗaya-ɗaya, ta latsa cikinsu, ta duba ƙarƙashin jelarsu.

Ta ce, "Wa ya koya maka gogewar?"

Na ce likitar elbaj.

Ta ce, "Har da akuyar da ruwan ɗumin?"

Na ce e.

Ta ce, "Abin da nake gaya wa matarka ke nan lokacin da ka ce in bar wahalar da bakina."

Ta ɗauki kwalinta ta shige ɗaki. Ba ta zage ni ba, kuma ba ta ce ta yafe ba. Kwana uku ina gaishe ta tana amsawa da ka. Abinci ya daina yi mini daɗi. Amma 'yan banzan nan biyu suka ƙi zama a ɗakinta. Ta ba su madara su kau da kai. Da sun ji tarina sai su fito da gudu su haye ƙafar wandona, har bakin masallaci sai an kore su. A rana ta ukun Inna ta zauna a bakin ƙofarta tana kallo, jan na kan kafaɗata yana cizon kunnena.

Ta ce, "Zo nan. Na yafe. Ba don kai ba. Waɗannan sun riga sun ɗauke ka uwa, ni kuma ba zan yi wa uwar marayu baki ba."

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙanta. Jikokin kyanwoyin nan ne ke tsare mana iri har yau, kuma har yau in na doshi fada sai wani ya ce a matsa wa mai jego. Na daina jin haushi. Abin da na koya shi ne, wanda ya zauna a bakin ƙofa bai san abin da ake yi a cikin gida ba, ko da ya shekara goma sha ɗaya yana kwashe sharar gidan. Kuma in tsohuwa ta fara bayani, ka rufe bakinka har ta kai ƙarshe. Ni na katse ta a tsakiya, wadda ta biya kuwa tana kwance a gindin darbejiya.