Akwatin da Ke Tambayar Masu Kallo

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ranar Arfan da na yi a Cheras, can ƙasar waje, ba za ta fita daga raina ba. Na je yi wa 'yata zaman jego, ita da mijinta duk karatu ya kai su. A shekarar ƙanwata tana Makka, na ƙudura sai na ga tsayuwar Arfa a talabijin, ko Allah zai sa in hango ta.

Bayan la'asar na zauna. Ana cikin huɗuba hoto ya daskare. Na sauya tasha na dawo, ya tashi. Jim kaɗan ya sake tsayawa. Ni ban yi boko ba, amma ban yarda abu ya yi ta maimaita kansa babu dalili ba.

Na ƙwala wa 'yata kira. "Ke, wa ke kashe mini Arfa?"

Ta fito da jariri a kafaɗa, ta nuna wani akwati mai kunnuwa da mijinta ya sayo a satin. "Umma, router ne. Kamfani ba ya aiko wa kowa hotonsa daban. Guda ɗaya yake turowa, sai inda aka ce ana so. Lokaci-lokaci yana tambaya ko da sauran mai kallo. Akwatin nan ne zai amsa a madadinmu."

"In bai amsa ba fa?"

"Sai su ɗauka mun tashi, su daina turo mana."

Nan na gane. Haka muke rabon tuwon biki: a leƙa ɗaki a ce, akwai mutane? Mutum ɗaya ta amsa, a shigo da faranti. Ɗakin da aka ji shiru, a wuce shi.

Na ce, "To wannan wakilin naku kurma ne. Kira mai gidan."

Yana kedai, wato shago, ya je tapau ɗin abin buɗa baki, haka suke ce wa sayo abinci a taho da shi gida. Ta waya ya gaya mata inda za ta taɓa, har da cewa da yaren garin, "Boleh, zai yiwu, Umma, yanzu zai yi magana." Hoto kuwa bai sake daskarewa ba har aka ɗaga hannuwa. Ƙanwata ban gan ta ba, fararen kaya sun yi yawa. Amma na yi addu'a tare da su, ba yankewa.

Abin da na ɗauko ke nan: ko kana nan, in ka yi shiru za a ɗauka ka tashi. Shi ya sa duk Juma'a nake bin 'ya'yana da waya, kafin su gaishe ni in ce, "Ina nan, kada a wuce ɗakina."