Suga Ya Sauka, Na Ce Alhamdulillahi

Aminiyata maƙwabciyata ce a Tsiga, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar masara, ita ke kula da abinta. Ƙawa muke ce wa juna, har jikokinmu sun ɗauka sunanmu ke nan.

Wata damina sai ta fara ramewa, ga ƙishirwa kamar za ta shanye randa. Ni na raka ta asibiti a Funtuwa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya hau sosai, sai an dage an saukar da shi. Ya rubuta mata ƙwayoyi, ya yi dogon bayani a kan abinci. Ita tana sharar hawaye, ni ina ta gyaɗa kai kamar ina ganewa. Wallahi magana biyu kawai na fito da su daga ɗakin nan: ya hau, a saukar da shi.

Muna dawowa gida kowa ya zama likita. Wata Hajiya ta ce a koma tuwon alkama. Ƙanin mijina ya ce a'a, acca. Wata ta rantse zuma ba ta cikin lissafi tunda ba mutum ya yi ta ba, wata kuma ta ce ɗumame ba shi da illa don sugansa ya mutu da kwana. Sannan aka ce wai masara ma suga ce. Masara! Na ɗebo ƙwayar masarar na tauna, na sake taunawa, ban ji zaƙin komai ba. To ina sugan ya ɓuya? Na tambayi mutum uku, aka ba ni amsa huɗu.

Ni kuma ina da wani hali, idan abu ya rikice mini sai in ƙara zafi. Tunda na kasa gane wanne ne mai laifin, sai na hana duka. Ba koko, ba fura, ba dankali, ba rake. Tuwo ma na ce a dakata tukuna. Kullum da safe zan shiga da kwaɗon zogale ko dafaffen wake ɗan kaɗan, in tsaya a kanta har ta haɗiye ƙwayarta. Ta ce, "Ƙawa, ko akuya ai ana ba ta dusa." Na ce akuya ba ta da suga. Tsoro ne fal cikina, don na ga yadda ciwon nan ya cinye ƙafar wani kawuna, kuma na rantse ba zan binne matar nan ina ji ina gani ba. Kowace salla addu'ata ɗaya ce, Allah ka saukar mata da sugan nan.

Da kaka ta yi aka kawo masararta gida, muka zauna a tsakar gida muna ɓare ta. Ran nan ta sha maganinta tun da sassafe, zogalen kuwa ta ɗan taɓa ta ture, ta ce ya ishe ta. Wajen azahar na ga zufa na zubo mata alhali muna inuwa. Masara na ta suɓucewa daga hannunta. Ta ce, "Ƙawa, akwai dabino a cikin langar nan ta ɗaki, ɗauko mini ko guda biyu."

Na ce, "Au, ashe har ɓoyo kike yi? Ba za ki ci ba."

"Don Allah, ƙawa. Jikina ne ke nema."

"Kwaɗayinki ne ke nema."

Haka na ce mata, da bakin nan nawa. Ba a jima ba maganarta ta fara harɗewa, tana kallona kamar ba ta san ni ba, sai ta zame ta jingina da buhu. Na yi ihu. A raina na gama yanke cewa sugan ne ya hau, wataƙila ta saci dabinon tun da safe. Maƙwabta suka taimaka muka sa ta a mota zuwa ƙaramin asibitin garinmu.

Nas ɗin da muka tarar Kirista ce 'yar wajen Malumfashi, kowa Sista yake ce mata. Ta soki yatsar aminiyata, ta duba ɗan injin, ta ce, "Subhanallahi, suganta ya sauka ƙwarai."

Na ɗaga hannu sama na ce, "Alhamdulillahi!"

Sista ta yi mini wani irin kallo. Ta jawo kofi, ta zuba ruwa, ta buɗe gwangwanin kayan shayinta ta kamfato suga cokali bayan cokali tana motsawa. Ta tallafo kan aminiyata, ta tabbatar tana iya haɗiya, ta kai kofin bakinta. Ban san lokacin da na damƙe hannunta ba. Na ce, "Sista, kashe ta za ki yi? Mai suga ce fa!"

Ta daka mini tsawa, "Mama, sake ni! Rashinsa ne zai kashe ta yanzu."

Na sake ta, na koma gefe na zauna a ƙasa. Wata huɗu ina roƙon Allah abu ɗaya, ya ba ni, kuma shi ne ya kusa tafiya da ita. Ina nan zaune na ga idonta ya dawo, ta ce a ba ta ɗankwalinta.

Daga baya Sista ta zaunar da ni. Ta ce mai shan wannan magani ba ya zama da yunwa. Ta ce in bar aminiyata ta ci tuwonta na masara, amma ƙaramar malmala, miyar ganye ta fi yawa, kuma a kan lokaci. Dabino ko alawa kada su rabu da ita saboda irin wannan rana. Na ce to yaya zan gane hawa da sauka, tunda duka jiri ne? Ta ce a gwada, kuma in riƙa tambayar mai jikin. Na ce to. Har yanzu ban ce na gane duka ba.

Aminiyata ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na ba ta haƙuri, ta ce haba ƙawa, ai so ne. Muna gaisawa, muna dariya, jikinta ya yi kyau. Amma shekaranjiya na yi sallama na shiga na same ta tana cin tuwon rana, daidai yadda Sista ta ce, ba ƙari ko loma ɗaya. Tana ganina sai ta jawo faifai ta rufe kwanon.