Kwana Uku Ba Dogo a Fili

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, domin duk ta inda na juya shi, ni ne ba na fita da kyau. Amma tunda ƙanwata ta riga ta baza shi a Tsafe da irin nata gishirin, gara ku ji daga bakina.

Maganar a kan ɗanta ce, dogo, irin wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin uwarsa. Shekara huɗu yana buga wa wata ƙungiyar ƙwallon kwando a Gusau, ana ba shi albashi, har ya yi aure da shi. Ni kuma ina cikin kwamitin ƙungiyar. Ba don na iya jefa ƙwallo ba. Na dai yi shekara ashirin ina jan babbar mota har Kwatano da Agadas, mutane kuwa suna ɗauka wanda ya ga garuruwa da yawa ya tara hankali da yawa. Ban taɓa gyara musu ba.

Sai wata babbar ƙungiya daga kudu ta aiko: a ba su dogon namu, su ba mu 'yan wasa biyu, gajeru masu gudu, ɗaya ya iya jifa daga nesa. Koci ya ce a karɓa. Kwamiti ya rabu biyu daidai, ya rage ni. Aka ba ni mako guda.

Na auna abin iya aunawa. Gudu muke nema, ga shi an kawo har gida. To amma wa zai tsaya ƙarƙashin kwando ya cafe ƙwallon da ta dawo? Shi kuma in ya je, fili mai rufi zai samu, da likita, da idon manya. In kuma suka ajiye shi a benci shekara guda fa? Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun kafin in fara aunawa na riga na ɗora yatsa a kan sikeli. Ba na so ya tafi.

Uwarsa na samu a bakin titin Tsafe tana tuyar doya. Ko gaisuwa ba ta bari na ƙarasa ba.

"Yaya, in ka sa hannu aka kai mini ɗa inda ba a san tuwon dawa ba, kada ka ƙara zuwa cin nawa."

"To doyar fa?"

"Har ita."

Shi kuwa da na tambaye shi, sai da ya gama kallon takalminsa. "Kawu, ina so in tafi. Amma in tafiyata za ta watsa abokan wasana, na haƙura."

Nan ya ɗaure ni. Washegari na hau babur zuwa Bungudu, na ratse wajen Furfuri, wurin baffansa, wato yayan marigayi ubansa, makiyayi ne da bai taɓa ganin wasan ba. Na yi masa bayanin musayar, ina ta kwatanta gudun gajerun nan biyu. Ya bari na gaji.

"Alhaji, kai waɗanda za su zo kake kallo. Mu in za mu fid da saniya daga garke, ba ita muke kallo ba, ba kuma wadda za a ba mu ba. Ɗaure ta muke yi a gida kwana uku, mu kora sauran. In sun tsaya suna waige, ita ce ke jansu, ba a taɓa ta. In wata ta wuce gaba, shi ke nan."

"Kwana biyu ba ya isa?"

"Uku na ce."

Da na kai wa koci maganar sai ya cire hularsa ya mayar. "Alhaji, 'yan wasa gare ni, ba shanu ba."

"Na sani, koci. Shanu suna fita a kan lokaci."

Ya ce muna da wasa ƙarshen mako, ba lokacin gwaji ba ne. Na ce ƙuri'ata ba za ta fito ba sai an yi. Muka tura dogon namu Furfuri ya taya baffansa yankan dawa, aka ce wa sauran ya je gida aiki, ba a ƙara ko kalma ba.

Ranar farko a filin atisaye, abin tausayi. Da an matse su sai su cilla ƙwallo sama, wurin da suka saba hannunsa yana jira, ta faɗi ba kowa. Sau nawa suka yi haka, na daina ƙirgawa. Ina zaune a inuwa ina girgiza kai, amma cikina fari ƙal. Ga hujja ta zo da ƙafarta.

Rana ta biyu ma haka, har biyu suka kusa dambe. Koci ya zo ya ce, "Ka gani, ni ma na sauka daga ra'ayina. A kira shi ya dawo." Wallahi wayar tana hannuna. Ina kira, magana ta ƙare: ɗa ya zauna, ƙanwata ta huce, tuwona ya dawo. Sai na tuna mutumin da ya ce zai haƙura saboda su, ni kuma ina shirin yanke masa hukunci da gwajin da ban ƙarasa ba. Na mayar da wayar aljihu.

"Uku aka ce, koci."

A rana ta uku, akwai wani ɗan Kwatarkwashi mai tsaron baya, wanda a shekara biyu ban taɓa jin muryarsa ba in ba sallama ba. Aka sake cilla ƙwallo sama, ya bi ta ya ɗauko, ya rungume ta a hammata.

"Kai! Wa kuke jefa wa, aljani? Ba ya nan! A ƙasa za ku ba ni, kai koma can, kai zo nan!"

Suka koma inda ya nuna. Ba zan ce sun zama gwanaye kafin la'asar ba. Amma ba wanda ya ƙara ɗaga kai yana neman wanda ba ya nan. Koci ya kalle ni, na kalli ƙasa.

A taron kwamiti na ɗaga hannu a yi musayar. Da kaina na je Tsafe na faɗa wa uwarsa, ban aika kowa ba, na kuma gaya mata yadda aka yi duka, har da baffa da saniyarsa. Ta ci gaba da juya doya kamar ba da ita nake ba.

Ranar tafiyarsa mun raka shi tasha a Gusau. Ta cusa masa ƙullin garin dawa da kuka da daddawa, ya naɗe ƙafafunsa da ƙyar a kujerar gaba. Sai da motar ta ɓace ta juyo, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya, kai da ka hau mota ka bar mu shekara ashirin, wa ya ɗaure ka kwana uku ya ga ko za mu iya?"