Garin da Ake Makokin Mai Rai

Asubar fari muka bar Batsari, ni da ɗan baffana da ya raka ni filin jirgin Kano. Inna ce ta aike ni ƙasar Ailan, can Turai, in taho mata da autanta, mai aikin jinya a can, da ya daɗe bai leƙo gida ba. Ta ce, "Ka gaya masa idona ya fara hazo. Ya zo tun ina gani."

Ramukan hanya, zaman jirgi, ga doguwar tafiyar bas. Kafin in isa bayana ya ƙage, ƙafafu sun kumbura kamar rogo. Yayyafi ba ya ɗaukewa, abinci kifi da dankali, ko ƙanshin yaji babu. Wallahi na jigata.

Garin da Auta yake tsohuwar tashar jiragen ruwa ce. Auta kullum yana asibiti, sai mai gidan da yake haya, wani dattijo mai surutun tsiya, ya riƙa ja na yawo. Ya nuna mini rumbunan dutse da a da ake tara hatsi da man shanu kafin a loda wa jirgi, yanzu duk sun koma shagunan shayi. Ya kai ni wata matakala a bakin ruwa, gansakuka ta rufe ta. Ya ce zamanin da cuta ta cinye musu dankali aka yi yunwa, ta nan ake sauka a shiga jirgin Amurka. Kafin mutum ya tafi, dangi kan taru su yi masa zaman makoki yana tsakiyarsu da ransa, ana ci ana kuka, don an san ba dawowa.

Na ce subhanallahi, mu "sai ka dawo" muke cewa. Ya ce, "Kuma suna dawowa?"

Da na tsare Auta da saƙon Inna, sai ya sunkuyar da kai. "Yaya, hutu ne babu. Baɗi, in Allah ya yarda." Bara ma haka ya ce.

Ranar da na iso gida, Inna ta jiyo tsayawar mota ta lalubo har zaure. Na durƙusa ina gaishe ta, ita kuwa bayana take leƙe. Na ce baɗi. Ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta koma ciki tana dafa bango.

Abin da na koyo ke nan: mutanen can sukan yi kukansu rana guda su huta. Inna kuwa, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta fito.