Likita Ya Ce Zai Yanka Ka

Maigidana mahauci ne, kuma duk unguwarmu ta Nima ba wanda ya kai shi taurin kai. Tun kafin turawa su bar ƙasar yake saɓa cinyar saniya a kafaɗa daga mayanka zuwa rumfarsa, har ƙashin bayansa ya ce ya gaji. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya gangaro ƙafar hagu. Da ƙyar da jiɓin goshi na ja shi babban asibiti, aka ɗauki hoton bayan.

Likitan ba ya jin Hausa, sai aka kira mana wani ma'aikaci mai Hausar Zongo ya yi tafinta. Bawan Allah ya saurari likita, ya juyo ya ce, "Baba, kafra, sai haƙuri. Dokta ya ce bayanka ya lalace, zai yanka ka. In bai yanka ka da sauri ba, ƙafa zai mutu."

A rasa wanda za a gaya wa haka sai mahauci! Maigida ya lalubo hularsa ya miƙe.

"Malam, aiki fa yake nufi," na ce masa a cikin tirotiro, motar hayar da ta ɗauko mu gida. "Buɗewa za su yi su gyara, su ɗinke."

"Ke kika ji aiki, ni yanka na ji. Tun ina saurayi nake yanka, ban taɓa ganin wanda na kwantar ya tashi ba."

Daga nan muka shiga yawon magani. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayan ya koma kamar faifai. Wani mai ɗori a unguwar Mamobi ya taka shi da dunduniya, maigida ya kwana yana nishi. Na dafa sassaƙe, na shafa man kaɗe har hannuna ya gaji. Kullum na tayar da maganar asibiti sai ya ce a bari bayan azumi. Azumi ya wuce, a bari bayan Layya, ai lokacin ciniki ne. Na turo masa limamin unguwa, suka ɓuge da hirar tsadar shanu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi kwanaki ina ajiye masa tuwo ba magana.

Sai da ya koma salla a zaune, ƙafar tana jan ƙasa, sannan wata safiya ya ce, "To, mu je su yanka ɗin."

Likita ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya soka masa allura a tafin ƙafa, maigida bai ko motsa ba. Aka ce za a yi aikin don ciwon ya lafa, amma ƙafa kam an makara.

Muka fito yana dafe da kafaɗata. Har mun kai bakin titi na duba ƙasa, na ga ƙafar hagu ba takalmi. Ya zame tun a matakala bai sani ba, yana ta jan ta a kan kwalta mai zafi, yatsun har sun fashe.