Katin Awo Cikin Farin Murfi

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da motar asibitinmu ta tsaya ta ɗauke ni a bakin titin Jajimaji, da igiyar rago a hannuna ba. Tunda an ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gani a aiki saboda sababbin da aka kawo mana, to ga nawa. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a ransa, ni a aji uku na sakandare na tsaya.

Sunana Sale, ɗakin kati nake, a wani ƙaramin asibiti cikin Gashuwa. Shekara ashirin da uku ina zaune bayan taga ɗaya, har yau ina mataki na huɗu. Yaran da na koya wa jera kati su ne yanzu suke sa hannu a takardar hutuna. Ba komai. Takarda suka fi ni, ba su fi ni ido ba.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Duk wanda zai ga likita ko nas, ta tagata zai fara bi. Katin kowa fari ne, sai na masu ciki, shi ruwan hoda ne, babba, daga nesa ana gane shi. Talata ce ranar awon ciki, Alhamis ta masu hawan jini da ciwon suga, yawanci tsofaffi. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kati ba ya fita daga asibiti. Ya fita daga ɗakina ya je ɗakin awo, ya dawo kafin a tashi.

Shekara shida ke nan, a farkon damina, wata yarinya mai suna Yagana ta fara zuwa awon cikinta na fari. Uwarta ce ke rako ta, Ya Falmata, matar wani masunci daga unguwar bakin kogi. Mace ce mai jiki, kullum cikin hijabi har ƙasa, ba ta da yawan magana. Ta zauna a ƙarshen benci, 'yarta ta shiga ta fito, su tafi.

Abin da ya fara ja min hankali shi ne Yagana tana dawowa kafin ranarta. Ana ba mai ciki ƙwayoyin ƙarin jini na wata guda, ita kuwa mako biyu sai ga ta tana neman kati. Na farko ta ce sun zube a ruwa. Na biyu ta ce ɓera. Da ta zo na uku na ce mata, "Ke, wannan ɓeran naku ai ya fi kowa jini a Gashuwa." Ta sunkuyar da kai ta karɓi katinta.

Sai na bar 'yar na koma kallon uwar. Silifas ɗin maza ne a ƙafarta, don nata ba sa shiga. In za ta tashi sai ta dafa benci da hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu. Mai ƙosai ta gifta, ta kawar da fuska. Ni da na shekara goma sha bakwai a lokacin ina kallon benci ɗin nan kowace Talata, ba sai an yi min hoto ba.

Na bari har Yagana ta shiga ɗakin awo, benci ya rage mutane, na kira ta taga. Ban iya kwana-kwana ba.

"Ya Falmata, kati zan buɗe miki."

"Ni rakiya na zo, Mai kati."

"Na sani. Amma maganin mutum ɗaya kuke sha ku biyu, ke bai ishe ki ba, ita kin rage mata."

Ta kalli ƙasa. Na ɗauka zagina za ta yi. Sai ta ce, a hankali, "Autana shekararsa goma sha huɗu. Da abin ya ɗauke min na ɗauka girma ne ya zo, har na yi hamdala. Sai da na ji motsi."

"To ai kyauta ce daga Allah."

"Ban ce ba kyauta ba ce. Amma jikokina huɗu ta wajen babban ɗana. Ka ce in riƙe wannan jan katin in zauna layi ɗaya da 'yata? Mijinta ya zo ya yi min barka? Da wane ido zan dube shi?"

Na tambaye ta shekarunta, ta ce ba ta sani ba. Muka lissafa da shekarun ɗanta na fari, na rubuta arba'in da bakwai. Na ɗauko katin awo, na naɗe shi gida biyu, na sa shi cikin farin murfi irin na kowa. Na ce mata daga yau ita mai hawan jini ce, ranar Alhamis za ta riƙa zuwa tare da tsofaffi. Ashe ban ma yi ƙarya ba, da aka auna jininta ya hau.

Na je na sami Sista Hauwa, babbar ungozomarmu a lokacin. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam Sale, ka san in an kama, ni za a ce na yi kuskure, kai za a ce ka yi laifi?" Na ce ai tun da na zo gidan nan haka ake raba mana. Ta yi dariya ta ce in turo ta. Daga nan kowace Alhamis sai Ya Falmata ta shiga ta ƙofar masu hawan jini, ta fita ta ƙofar baya zuwa ɗakin Sista. Katin kuwa ba na sa shi a jerin kowa, a cikin durowata yake kwana.

Da aka yi mata hoton ciki sai aka ga mabiyiya ta sauko ta tare hanyar fitar ɗa. Sista ta manna takardar a katin, ta yi rubutu da jan biro a kai, ta zaunar da ita ta ce, "Ba za ki haihu a gida ba, ba za ki haihu a nan ba. Nguru za ki je a kwantar da ke tun kafin lokaci. Kuma ko bokiti kada ki ɗaga."

Nan gizo ke saƙar, domin Yagana ta haihu a lokacin, namiji, kuma kamar yadda aka saba a haihuwar fari, gida aka kawo ta wankan jego. Wa ke yi wa mai jego wanka? Uwarta. Ita za ta ɗora tukunya safe da yamma, ta sauke, ta juye. Ya Falmata ta ce a bari ta gama arba'in ɗin 'yarta sannan ta tafi Nguru. Na ce mata, "Ki sa wata ta yi mana." Ta ce, "In ce musu me ya same ni?" Mijinta ya sani, amma ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba, shi kuma yana can bakin ruwa wajen banda kifi, sai ya yi mako bai kwana gida ba.

Ana cikin haka aka kawo mana sabuwar shugabar ɗakin kati, yarinya mai difloma. Ta ce duk wani kati da ke ɗakin, na jeri da na durowa, za ta shigar da shi kwamfuta da hannunta. Ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, ƙanwar mijin Yagana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. In ta buɗe farin murfin nan da safe, kafin azahar dangin miji kaf sun ji. Sai na zare katin na sa a aljihun rigata ta ciki. Kwana huɗu yana jikina. Sista Hauwa kuma an tura ta kwas, ba ta gari. Kun ga mutum biyu suka san maganar a asibitin, ɗaya ba ta nan, ɗaya ya ɗauki hutun kwana guda ya tafi kasuwar Jajimaji sayen rago.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na gama ciniki ke nan, wayata ta yi ƙara. Nas ɗin da ke aiki ranar ce, wata da ba ta fi wata biyu da zuwa ba.

"Baba Sale, an kawo wata dattijuwa jini yana zuba, na taɓa cikinta na ji ɗa ne. Mun yi rabin awa muna neman katinta babu. Ba ta cewa komai sai a kira Mai kati."

"Katin yana aljihuna."

"Aljihunka? Kana ina?"

"Ina kasuwar Jajimaji. Bar wannan tukuna. Kin sa hannu kin duba ta?"

"Yanzu nake sa safar hannu."

Na ce ta dakata. Na tsuguna a tsakiyar kara, ragon yana fizgata, na buɗe katin. Rubutun Sista na jan biro da Turancin asibiti ne, ni ban iya faɗinsa ba, sai na karanto mata harafi bayan harafi kamar ɗan aji ɗaya. Da na kai ƙarshe ta yi salati. Sannan ta ce, "Allah Ya rufa min asiri. Da na sa hannun nan da jinin bai tsaya ba. Ka fito bakin titi, Nguru za mu wuce."

Haka na tsaya har motar ta iso. Na miƙa wa wani mai shayi igiyar ragon, ko sunansa ban tambaya ba, na shiga baya. Ya Falmata tana kwance, an sa mata ruwa, leɓenta ya yi fari. A gefenta Yagana ce, mai jegon kwana ashirin da uku, da jariri a kafaɗa. Nas ta karɓi katin, ta kira Nguru ta faɗa musu watannin cikin da rukunin jinin da inda mabiyiya take, don su shirya ɗakin tiyata.

Ya Falmata ta buɗe ido ta ga katin a buɗe, ruwan hodarsa a fili, 'yarta tana kallo. Sai ta juya fuska ga bangon mota.

Yagana ta ce, "Iya, juyo. Na sani tun kafin Mai kati ya sani."

Yagana ta matsa kusa da ita.

"Kina tsammani ɓera ne? Ni nake ajiye ƙwayoyin a kan taga inda za ki gani, in dawo in yi wa Baba Sale ƙarya. Kullum ina ce miki ki bar tukunyar nan zan iya, kina cewa mai jego ba ta ɗaga abu. Na kasa faɗa miki dalili. Kunyarki nake ji."

Ya Falmata ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mijinki fa?"

"Yana bayanmu a kan babur. Ya ce in ana neman jini a fara da nasa."

Ni dai na kalli hanya. Wata huɗu ina ɓoye kati a durowa da aljihu, ashe wadda ake ɓoye wa ita ta fara sani.

Muna isa Nguru suka wuce da ita. Kafin la'asar aka ciro 'ya mace, ƙarama, ba ta cika watanninta ba, amma da kukanta. An ƙara wa uwar jini leda uku, ɗaya ta surukin nata ce. Sai da suka yi mako uku a can.

Ni kuwa washegari ina shiga ɗakin kati na tarar da takardar tuhuma a kan tebur, wadda muke ce wa kweri: in yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa na fitar da katin gwamnati daga asibiti. Mai difloma ce ta rubuta, kuma ban ga laifinta ba, aikinta ta yi. Na amsa da layi uku. Na ce na fitar, na san doka, kuma da ban yi wa katin nan murfi ba da babu katin ma gaba ɗaya. Har yau takardar tana cikin fayil ɗina, duk lokacin ƙarin girma sai an zaro ta. Ragon dai mai shayi ya riƙe min amana.

Amma ba zan yi muku ƙarya in ce duk daidai na yi ba. Rabin awar da suka ɓata suna neman kati, ni na ci ta. Da gabas na nufa ranar maimakon Jajimaji, ko da waya ba ta shiga ba, da wani labarin nake rubutawa. Buɗe katin daidai ne, kuma ko yau zan sake. Kuskuren shi ne barin sirrin mara lafiya a aljihun mutum ɗaya. Yanzu in na yi wa kati farin murfi, a jeri yake kwana, kuma duk ungozomar da ke aiki ta san inda yake.

Ku sababbi, abin da zan ce muku ke nan. Kwamfuta za ta ba ku sunan wanda ya zo taga. Ba za ta ba ku na wadda ta zauna a ƙarshen benci ta ce rakiya ta zo ba. Mace tana iya samun ciki bayan kowa ya cire rai, har ita kanta, kuma irin wannan cikin ya fi na yarinya bukatar awo, amma ita ce ta ƙarshe da za ta nemi kati. Ku riƙa ɗaga kai kuna duban ƙafafun mutane.

Bayan wata biyu, ranar rigakafin yara, na ɗaga kai na gan su a layi su biyu, kowacce da goyo. Benci cike da mata, har da masu nuna ta da baki. Yagana ta karɓi katin ɗanta ta matsa. Ya Falmata ta zo taga, ta gyara goyonta, ta ce da ƙarfin da na bayanta za su ji:

"Mai kati, a buɗe wa autata nata. Nawa kuma ka cire masa murfin nan, ya gama aikinsa."

Na cire na ajiye. Yana nan a durowata, na yi amfani da shi sau uku tun daga lokacin.