Shekarar da Babanmu Ya Fara Tangaɗi

Babanmu manomin rake ne a Malikanchi, kuma tun ina yaro shi ke kiran sallah a masallacin unguwarmu. Mutum ne dogo mai saurin tafiya, in za mu gona sai mun haɗa da gudu kafin mu cim masa. Don haka da ya fara tangaɗi kowa ya lura. Yana tafe sai ƙafa ta kauce masa, ya tafi luu ya dafa katanga. Kofin shayi ya riƙa rawa a hannunsa. Daga baya harshensa ya yi nauyi, har wani baƙo da ya zo sayen rake ya ja ni gefe, ya tambaye ni cikin ladabi ko tsohon yana ɗan taɓa wani abu ne. Da na gaya wa Baba, sai da ya yi dariya har da hawaye.

"Ni da ko goro na bari!" in ji shi.

Innarmu dai ba ta yi dariya ba.

An ce sammu ne, an ce iska ce, ya sha rubutu, an yi hayaƙi. A ƙarshe na kai shi babban asibiti a Zariya aka yi masa hoton kai. Likita ya ce wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wanda ke daidaita tafiya da motsin hannu, shi ne ke ƙanƙancewa a hankali. Ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba, kuma ba shi da magani, sai motsa jiki da kiyaye faɗuwa. Da muka dawo, Baba ya miƙa wa wani kiran sallah, ya shige ɗaki, ko zaure ya daina fitowa. Ni ina koyarwa a Ikara, da safe nake fita. Sai ya zama Inna ce ke tsare da shi, ba ta zuwa ko'ina don tsoron kada ya faɗi ba ta nan.

Bayan an cire masara, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama. Mutum biyu ne: wata Hajiya, tsohuwar nas daga Makarfi da ta yi ritaya, da wani mai walda daga Kudan, wanda yayansa ya yi irin wannan jinya har ya rasu. Wani ma'aikacin asibitin Ikara ne ya haɗa mu, bayan ya nemi izinina. Su 'yan sa-kai ne, 'yan kaɗan, ba mai biyan su, suna zagaya ƙauyuka wajen masu irin waɗannan cututtuka.

Aka gaisa, aka tambayi jiki da iyali da amfanin gona. Sannan Baba ya ce, "Hajiya, likitan Zariya ma ya ce babu magani. Ke da me kika zo?"

"Ban zo da magani ba, Malam. Tafiyar nan taka da ake ba ni labari na zo gani. Tashi ka yi mana."

Na zaci zai yi fushi, sai na ga ya miƙe. Ta sa shi ya ware ƙafafu, ya daina kallon ƙasa, ya kafa ido a kan rumbu ya nufe shi. Ta nuna wa Inna yadda za ta tashe shi ba tare da ta ji ciwon baya ba, ta ce a bar ba shi ruwa yana kishingiɗe saboda ƙwarewa. Mai walda kuwa ya zagaya gidan, ya sa muka sassare dokin ƙofa, ya auna banɗaki. Da ya dawo a mako na gaba ya kafa ƙarfen dafawa a can, ya kuma kawo wani abu mai ƙafa huɗu da ya haɗa da fayif, wanda mutum zai dafa da hannu biyu yana ɗagawa gaba.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan ai keken koyon tafiya ne na jarirai. Ka kai wa jikokina."

"To, Baba, bari in ajiye shi a nan, kafin su zo," in ji mai walda.

Abin ya zauna a tsakar gida har Inna ta fara shanya mayafinta a kai. Hajiya kan zo ta yi masa motsa jiki, ta ga mayafin, ta wuce abinta.

Ana nan sai 'yar ƙanwar Inna ta haihu a Kurmin Kogi. Inna ta ce ba za ta je suna ba. Hajiya ta ce wallahi sai ta je, ita ma mutum ce. Ranar akwai makaranta, don haka mai walda ya rufe shagonsa ya zo ya wuni da Baba. Inna ta ɗaura sabuwar atamfarta, ta fita tana waiwaye.

Da na dawo bayan azahar, ɗakin Baba ba kowa. Na fito ina ƙwala kira, sai wata maƙwabciya ta nuna min hanyar gonarmu ta bayan gida. Can na same su zaune a bakin kunya, kowa da sandar rake a hannu, ɓawo ya taru a gabansu, abin mai ƙafa huɗu yana tsaye a gefe. Ashe hira suke yi, mai walda ya ce duk ƙasar nan ba raken da ya kai na Kudan zaƙi. Baba ya ce ƙarya ne. Gardama ta yi zafi, har Baba ya ce a miƙo masa wancan ƙarfen, yanzu za su je gona ya raba gardamar.

"Gaya masa abin da ka ce," in ji Baba.

Mai walda ya tofar da tukar rake. "Na ce akwai zaƙi, Baba."

"Ba haka ka ce ba."

"Na ce ya fi namu."

Har yau mai walda yana rantsuwa ba da gangan ya tayar da maganar ba, amma duk lokacin da aka tuna, Hajiya sai ta rufe baki da mayafi. Inna ta dawo da yamma da tuwon suna a kwano, ta zauna tana ba mu labarin wa ya zo, wa ya yi ƙiba, har tuwon ya huce.

Daga ranar Baba ya koma fita. Ciwon bai tsaya ba, bana ma ƙafafun sun ƙara rauni, kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane maganarsa. Amma a damina da ta wuce Hajiya ta zo neman alfarma. Ta ce akwai wani magidanci a Janfalan da irin ciwon ya kama, ya ƙi fitowa, ya ƙi yi mata magana. Muka ɗauki shatar mota muka kai Baba.

Mutumin yana kwance ya ba mu baya. Baba ya zauna a bakin gadonsa ya ce a ba su wuri. Muka fito muka zauna a inuwar darbejiya da matar gidan, tana ta ba mu haƙuri. Can sai muka ji muryoyi biyu masu nauyi suna gardama, ɗaya na cewa takin zamani, ɗaya na cewa takin shanu. Sai mutumin ya ɗaga murya ya kira matarsa, ya ce ta kawo masa hularsa, kuma a dama wa baƙi fura.